Jariran Gidajen Reno na Romaniya: Abin da Rashin Mai Amsa Kuka Ya Yi Musu

A watan Disamba na 1989 mulkin Nicolae Ceausescu ya zo ƙarshe a Romaniya. Boren ya faro ne daga birnin Timishowara ranar 16 ga wata, ranar 25 kuma aka harbe shi tare da matarsa Elena bayan wata gajeruwar shari'ar soja. Cikin watannin farko na 1990 'yan jarida da likitoci da ma'aikatan agaji daga ƙasashen waje suka fara shiga gidajen renon yara na gwamnati, waɗanda a da ba mai leƙa su. Ƙiyasin yaran da ke ciki ya kama daga 100,000 zuwa 170,000. Ana ce musu marayu, amma mafi yawansu iyayensu na raye.

Abin da maziyartan suka fi maimaitawa a rahotanninsu shi ne shirun ɗakunan. Ɗaki cike da gadajen ƙarfe a jere, kowane da jariri a ciki, amma ba kuka. Duk wanda ya taɓa zama da jariri ɗaya tak ya san wannan ba lafiya ba ce. Waɗanda suka ɗan tasa kuma, wasu na zaune suna jijjiga jiki gaba da baya ba ƙaƙƙautawa, wasu na buga kai jikin ƙarfen gado, wasu sun ƙura wa tafin hannunsu ido suna juya shi.

Daga wannan masifa ne aka samu bincike biyu masu dogon zango, ɗaya a Ingila ɗaya a Bukarest, babban birnin Romaniya, kuma har yau su ne hujja mafi ƙarfi da masana halayyar ɗan Adam ke da ita a kan abin da shekara biyun farko ke ginawa a cikin mutum.

Yadda yaran suka taru

Ceausescu ya karɓi ragamar jam'iyyar gurguzu a 1965, ya kuma tarar da haihuwa tana raguwa. Shi kuwa yana son ma'aikata da yawa. A watan Oktoba na 1966 aka fitar da doka mai lamba 770 wadda ta haramta zubar da ciki sai ga 'yan tsiraru, kamar macen da ta haura shekara 45 ko wadda ta riga ta haifi huɗu. Hanyoyin hana ɗaukar ciki suka yi wuyar samu. A shekara guda, daga 1966 zuwa 1967, yawan haihuwa ya kusa ninkawa. Aka ɗora haraji a kan baligan da ba su da 'ya'ya, daga baya kuma aka riƙa duba mata a wuraren aikinsu don a gano mai ciki. Ana ƙiyasta cewa kusan mata 10,000 sun rasu sanadin zubar da ciki a ɓoye kafin a soke dokar.

A shekarun 1980 gwamnati ta ƙudiri biyan bashin ƙasashen waje gaba ɗaya, sai ta matse jama'a. Abinci sai da kati, wutar lantarki da ɗumin gida a lokacin sanyi sai an ga dama. Iyalin da aka tilasta wa haihuwar ƙarin ɗa ba su da abin ba shi. Hukuma kuma ta riga ta koya wa mutane cewa miƙa yaro ga gwamnati ba abin kunya ba ne, ita ma za ta iya renonsa. Iyaye da yawa sun miƙa da niyyar dawowa idan hali ya yi.

Jarirai na zama a gidan reno har shekara uku, sannan a duba su a rarraba. Wanda aka ga yana da lafiya a kai shi gidan yara, wanda aka yanke cewa ba zai gyaru ba a tura shi wani gida na daban, irin na Cighid da ke gundumar Bihor, inda yara suka yi ta mutuwa da sanyi da yunwa. Abin takaicin shi ne da yawa cikin alamomin da ake dubawa a yanke wannan hukunci, kamar rashin magana da rashin tafiya, zaman gidan renon ne ya haifar da su. Ƙari a kan haka, al'adar yi wa jarirai masu rauni ƙarin jini kaɗan-kaɗan da jinin da ba a tantance ba, da maimaita allura ɗaya, sun yaɗa cutar ƙanjamau a tsakanin dubban yara.

Abin da jariri ke nema ban da madara

Kafin a shiga sakamakon binciken, sai an tuna yadda abin yake tafiya ga jaririn da ke hannun mutanensa. Ƙwaƙwalwarsa ranar haihuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu ce na girman ta babba, amma kafin ya cika shekara uku ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Wannan girma ba a rufe yake faruwa ba, yana jiran abin da zai shigo ta ido da kunne da fata. Wajen mako shida zuwa takwas jariri ya fara yi wa fuska murmushi. Ya yi ɗan sauti, babba ya maimaita masa, ya tsaya ya saurara, ya sake yi. Ya yi kuka, wani ya zo. Sau ɗaruruwa a yini ake wannan kai da komo ba tare da kowa ya lissafa ba, kuma a cikinsa ne yaro ke gane cewa abin da ya yi yana jawo wani abu, cewa idan hankalinsa ya tashi akwai hanyar kwantar da shi.

Tsakanin wata bakwai da tara sai ƙyuya ta bayyana. Yaron da a da kowa ke ɗauka yanzu ya ga baƙo ya maƙale wa wanda ya sani. Iyaye kan ɗauki wannan a matsayin fitina, alhali alama ce ta ci gaba: ya ware mutum ɗaya ko biyu ko uku ya ce waɗannan ne nawa. Wannan ita ce shaƙuwar da likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya John Bowlby ya yi ta jan hankali a kai, tun rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951. Kafin shi, a 1945, René Spitz ya bayyana yadda jarirai ke ƙanjamewa a wani gidan reno duk da tsafta da abinci. A ƙarshen shekarun 1950 Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa jaririn biri yana manne wa uwar bogi mai laushin ƙyalle, ya bar ta waya mai ɗauke da kwalbar madara sai in yunwa ta kama shi. A shekarun 1970 kuma Edward Tronick ya sa uwaye su daskare fuska a gaban jariransu na 'yan mintuna kawai. Jaririn ya yi murmushi, ya yi sauti, ya miƙa hannu, ya ga ba amsa, sai ya kau da kai ya fara rikicewa.

Jaririn gidan reno a Romaniya kuwa, kusan rayuwarsa ke nan. Ma'aikaciya ɗaya tana kula da yara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, wani wurin fiye da haka, kuma ana sauya su bisa jadawalin aiki. A ba da madara a lokaci guda, sau da yawa a jingina kwalbar a jikin gado a wuce na gaba. A yi wanka a lokaci guda, a ɗora kowa a kan fo a lokaci guda. Sauran yinin yaro na kwance yana kallon farin silin. Bai kamata a ɗauka ma'aikatan mugaye ne ba. Mace ɗaya da jarirai goma sha biyar, ko ta fi kowa tausayi, ba ta da hannun da za ta tsaya yi wa ɗaya wasa. Jaririn ya yi kuka na makonni, ya ga kukan ba ya kawo kowa, sai ya daina. Jijjigar jikin nan kuma ita ce rarrashin da ya iya yi wa kansa.

Waɗanda aka kai Ingila

Da hotunan suka bazu a talabijin, dubban iyalai daga Amurka da Kanada da yammacin Turai suka tafi Romaniya ɗauko yara. Michael Rutter, masanin lafiyar ƙwaƙwalwar yara a Landan, ya ga dama a nan: ga yara da suka sha matsanancin rashi, aka cire su rana ɗaya aka sa su cikin iyalai masu hali da kulawa, kuma an san watannin kowa ranar da ya fita. Tawagarsa ta bi yara 165 da aka kawo Birtaniya kafin su cika wata 42, ta kwatanta su da yara 52 haifaffun Birtaniya da su ma iyayen riƙo suka ɗauka kafin wata shida amma ba su taɓa shiga irin wancan hali ba. An duba su suna shekara 4, da 6, da 11, da 15, sannan bayan sun haura ashirin.

Sun iso a rame, ƙanana ƙwarai, ci gabansu a baya nesa. Abin da ya fara ba masu binciken mamaki shi ne saurin farfaɗowarsu. Waɗanda suka bar gidan reno kafin wata shida, da suka kai shekara huɗu kusan ba a bambanta su da takwarorinsu na Birtaniya, kuma haka suka ci gaba har girma.

Waɗanda suka haura wata shida a ciki labarinsu daban. Abu uku suka riƙa bayyana a cikinsu fiye da kima, suka kuma bi da yawansu har girma: rashin natsuwa da kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, wasu halaye masu kama da na galahanga (autism), da sakin jiki da kowane baƙo ba tare da taka-tsantsan ba. Rahoton da Edmund Sonuga-Barke ya jagoranta a 2017 ya ƙara abu biyu da ba a zata ba. Raunin fahimta da aka gani a cikinsu suna shekara shida ya yi ta raguwa har ya kusa ɓacewa da suka girma. Damuwa da baƙin ciki kuwa, waɗanda ba su fito fili a yarinta ba, sai da suka zama manya suka taso, tare da yawan rashin aikin yi. Hoton ƙwaƙwalwa da aka ɗauka suna manya, aka wallafa a 2020, ya nuna ƙwaƙwalwar 'yan Romaniyan ta gaza ta sauran da kashi 8.6 cikin 100, kuma gwargwadon daɗewar yaro a gidan reno gwargwadon ƙanƙantarta. Wannan fa bayan shekara ashirin a gida mai abinci da makaranta da ƙauna.

Duk da haka, kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka daɗe a ciki ba a taɓa samunsu da wata matsala ba a duk zagayen da aka yi. Mai son ya ce shekarun farko sun gama yanke wa mutum hukunci sai ya fara bayanin waɗannan.

Binciken yana da gurbi guda babba. Ba wanda ya tsara wane yaro za a ɗauka da wuri, wane a makare. Mai suka zai iya cewa masu zuwa ɗaukar yara sun fi zaɓar masu kuzari da fara'a tun suna jarirai, aka bar masu rauni suka daɗe, don haka bambancin daga yaran yake tun asali. Wannan gurbin ne binciken Bukarest ya zo cikewa.

Ƙuri'ar Bukarest

A shekara ta 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara aiki a Bukarest da tallafin Gidauniyar MacArthur. Shekara goma bayan faɗuwar Ceausescu gidajen sun ɗan gyaru. Akwai abinci, akwai magani, akwai ɗumi. Wannan yana da muhimmanci, domin yana rage yiwuwar a ce yunwa ce kawai ta yi ɓarnar. Tsarin reno dai bai sauya ba, kuma a cikin jami'an ƙasar akwai masu ganin gidan gwamnati mai likita da ma'aikata ya fi amana a kan miƙa yaro ga wasu baƙin mutane.

Sun duba yara 187 a gidajen reno shida na birnin, suka ware 51 saboda larurorin da aka haife su da su. Saura 136, masu wata 6 zuwa 31, matsakaicinsu wajen wata 22. Bayan an auna kowa ta kowace fuska, aka jefa ƙuri'a: 68 za su koma hannun iyayen riƙo, 68 su ci gaba da zama inda suke. 'Yan uwan juna an haɗa su a ƙuri'a ɗaya don kada a raba su. Aka kuma samo yara 72 da ke gidajen iyayensu a birnin don kwatance.

Tsarin riƙon yara kusan babu shi a Bukarest a lokacin, sai da masu binciken suka gina nasu. Suka tantance iyalai 56, ana biyan uwar riƙo albashi, ma'aikatan jin daɗin jama'a suna zagayawa a kai a kai, su kuma suna tuntuɓar ƙwararru a Jami'ar Tulane. Abin da aka fi nanata wa iyayen riƙon shi ne su riƙi yaron kamar nasu, su sa shi a rai, saɓanin yadda ake gargaɗin masu riƙo a wasu ƙasashe cewa kada su shaƙu da yaron da za a karɓe.

Ma'aunin shaƙuwa da aka yi amfani da shi na Mary Ainsworth ne, wadda ta fara nazarin uwaye da jarirai a Yuganda a shekarun 1950 kafin ta ci gaba a Baltimore. Ana sa yaro da mai renonsa a ɗaki mai kayan wasa. Baƙuwa ta shigo, mai renon ta fita na ɗan lokaci, ta dawo. Ba kukan rabuwar ake dubawa ba, abin da yaron zai yi idan ta dawo shi ne magana. Mai lafiyayyar shaƙuwa zai nufe ta, ta ɗauke shi, ya huce, ya koma wasa. A awon farko, kafin ƙuri'a, ga yaran gidan reno an kawo ma'aikaciyar da kowa ya yarda ita ce yaron ya fi sabawa da ita. Kusan kashi 65 cikin 100 sun nuna rikitacciyar shaƙuwa: yaro ya taso zai je wurinta sai ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ko ya nufe ta da baya, ko ya faɗi ƙasa ya kife fuska. Kusan kashi 13 kuma ba a ma samu abin aunawa ba. Ta fita, ta dawo, bai ɗaga kai ba. Da aka tambayi ko shaƙuwar ta gama ƙulluwa sosai, duk yaran da ke gidajen iyayensu sun cika sharaɗin, na gidan reno kuwa kusan kashi 3 ne kawai.

Abin da ya gyaru da abin da ya ƙi

Da yaran suka kai wata 42, kashi 49 cikin 100 na waɗanda ke hannun iyayen riƙo sun ƙulla lafiyayyar shaƙuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 18. Yaran da suka tashi a gidajensu suna wajen kashi 65. Wato yaron da ya kai kusan shekara biyu bai san wani nasa ba yana iya koyon haka, in ya samu wanda ya tsaya masa.

Sakamakon basira ya fito a mujallar Science a 2007. A wata 54, matsakaicin makin yaran riƙo 81 ne, na waɗanda ƙuri'a ta bari a gidan reno 73, na yaran gida 109. Tazarar maki takwas ba ƙarama ba ce, kuma da yake ƙuri'a ce ta raba su, ba a iya cewa daga asali ne. Amma a dubi nisan 81 da 109. Wani ɓangare na wannan nisa ba laifin gidan reno ba ne kaɗai, domin yaran da aka yasar sun fi fitowa daga talauci da cikin da bai samu kulawa ba. Duk da haka riƙo bai mayar da su daidai da sauran ba. Da suka kai shekara 18 an sake aunawa, rukunin riƙo na gaba da kusan maki tara.

Lokacin fita ya yi tasiri, sai dai kowane fanni da nasa lokacin. A harshe, waɗanda aka mayar gida kafin wata 15 sun kamo yaran gari. A shaƙuwa da basira, iyakar ta fi fitowa wajen wata 24. Na'urar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta nuna tun farko cewa na yaran gidan reno ya yi kama da na ƙananan da ba su kai su ba, amma a shekara takwas waɗanda aka fitar kafin wata 24 sun daidaita da yaran gida, waɗanda aka fitar bayan haka ba su daidaita ba. A shekara 12 aka sa su cikin yanayi mai ɗan tayar da hankali, kamar yin jawabi a gaban mutane, aka auna kotizol, sinadarin da jiki ke saki idan hankali ya tashi. Na waɗanda suka zauna a gidan reno ya ƙi tashi yadda ya kamata, kamar jikin ya daina amsawa. Na waɗanda aka fitar kafin shekara biyu ya tashi daidai.

Mai karatu zai lura binciken Ingila ya ce wata shida, na Bukarest ya ce wata 24. Ba saɓani ba ne sosai. A Bukarest ba yaron da aka fitar kafin wata shida, don haka ba yadda za a ga waccan iyakar, kuma halin da yaran 1989 suka fito daga ciki ya fi muni nesa. Abin da za a ɗauka shi ne babu wata rana guda da ƙofa ke rufewa. Kowane wata da aka ƙara yana da farashi, farashin kuma ya bambanta daga fanni zuwa fanni.

Akwai abubuwan da riƙo bai taɓa su sosai ba. Rashin natsuwa da kasa mai da hankali sun kasance kusan ɗaya a rukunonin biyu. Hoton ƙwaƙwalwa a tsakiyar yarinta ya nuna ɓangaren da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke tattare ya ƙanƙance a duk wanda ya taɓa zaman gidan reno, ko an fitar da shi ko ba a fitar ba, yayin da jijiyoyin da ke haɗa sassan suka fi farfaɗowa a yaran riƙo. Tsawo da nauyi sun kamo da sauri, girman kai bai kamo haka ba.

Sakin jiki da baƙo shi ma ya yi taurin kai, kuma gwajin da aka yi masa mai sauƙi ne. Yaro yana wata 54, aka shirya da mai renonsa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, suka buɗe tare, sai ga wata da yaron bai taɓa gani ba ta ce ya zo ta nuna masa wani abu. Cikin yaran da suka tashi a gidajensu, ƙasa da kashi 4 cikin 100 ne suka bi ta. Sauran suka ɗaga kai suka dubi uwa tukuna. Cikin waɗanda suka taɓa zaman gidan reno, ɗaya cikin uku ya kama hanya ba waiwaye. Maziyarta gidajen marayu kan ji daɗi idan yaro ya rugo ya rungume su ya hau cinya, su ce yaran akwai son mutane. Masanin da ya san wannan bincike ba zai ji daɗin ganin haka ba. Yaron da kowa nasa ne, sau da yawa bai samu wanda ya zama nasa ba ne.

Wani sakamako da na fi ba nauyi ya fito ne suna shekara 12. A lokacin rayuwa ta riga ta watsa su: wasu sun koma wurin iyayen da suka haife su, wasu an ɗauke su riƙon dindindin, wasu an sauya musu gida. Yaran da suka ci gaba da zama a gidan riƙon farko sun fi lafiyar hali nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka tumɓuke aka sauya wa wuri. Fitar da yaro daga gidan reno rabin aiki ne, in za a riƙa yawo da shi daga hannu zuwa hannu an gudu ba a tsira ba.

A nan ya kamata a ja layi, domin ana yawan ɗaukar wannan bincike a tsorata iyaye da shi. Bai ce komai ba a kan uwar da ke fita aiki ta dawo da yamma, ko jaririn da ke wuni wurin mai reno, ko wanda aka bari ya yi kukan minti biyar. Waɗannan yara suna da mutanensu, sun san za su dawo. Bai kuma ce lallai sai mahaifiya ba, tunda matan da suka gyara rayuwar yaran nan ba su suka haife su ba. Abin da ya auna shi ne rashin kowa ɗungurungum.

Yara 68 da aka bari

Tambayar da ba ta barin wannan aiki ita ce ko ya halatta masana su san wuri yana cutar da yara, su bar rabi a ciki, su riƙa zuwa suna aunawa. Masu binciken sun kare kansu da hujjoji da dama. Ba su suka sa yaran a can ba, kuma ba don aikin ba duka 136 ɗin a can za su zauna. Kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki kowa ba, ƙuri'a kuma ta fi zaɓen son rai adalci. Sun yi alƙawarin ba za su hana hukuma fitar da kowane yaro ba, kuma lallai da yawa daga cikin 68 ɗin sun fita daga baya, abin da ma ya sa tazarar da aka auna ta gaza ta gaskiya. Sun kuma tsaya a kan cewa yaron da aka kai gidan riƙo ba za a mayar da shi ba. Hukumomin kare yara na Bukarest da kwamitocin ɗa'a na jami'o'insu sun amince da tsarin.

Hujjojin suna da ƙarfi, kuma ina ganin aikin ya fi rashinsa alheri. Amma hujjar cewa ba a san wanne ya fi ba tana da rauni. Tun zamanin Spitz da Bowlby masana sun sani. Waɗanda ba su yarda ba jami'an gwamnati ne, kuma yaran da suka ci gaba da kwana a gadajen nan su ne suka biya kuɗin gamsar da su.

A 2004 Romaniya ta yi dokar kare haƙƙin yara mai lamba 272, wadda ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a gidan reno. Sakamakon farko na Bukarest ya riga ya isa hannun hukuma a lokacin, amma matsin lambar Tarayyar Turai, wadda ƙasar ke neman shiga kuma ta shiga a 2007, ya taka rawa babba. Daga baya an ɗaga shekarun zuwa uku, sannan zuwa bakwai. Dokar 2004 ɗin ta bar ƙofa guda a buɗe: yaro mai tsananin naƙasa ana iya ajiye shi a gidan reno ko yana jariri. Irin waɗannan yaran ne kuma aka ware tun ranar tantancewa, su 51, don haka duk alƙaluman Bukarest ba su faɗi komai a kan abin da gidan riƙo zai yi musu ba.